Shinkafar da Na Watsa a Bakin Teku

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
9 ga Mayu

Goggona Daso,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi. Yaya Hambali da yara? Karatu na tafiya, sai dai zuciyata ba daɗi.

Kin san na shiga aikin sa-kai na jami'armu. Duk ƙarshen mako mukan yi tafiyar awa huɗu zuwa bakin teku, mu tsare wasu tsuntsaye 'yan mitsil da ke saka ƙwai a kan rairayi, ba ko sheƙa. Mukan kewaye wurin da igiya, mu zauna nesa muna komar da masu yawo. Shugabarmu, Dakta Rosnah, ta ja mana kunne kada mu matsa kusa.

Ni aka ba wata tsuntsuwa mai ƙwai uku. Goggo, da kin ga yadda take haki a rana, baki buɗe. Sai na tuna yadda kike aje wa kaza mai kwanci tsaki a kasko. Na ɗebi shinkafa daga ƙunshin abincina na watsa mata, ina jin kaina gwana, jikar masu kiwo. Ashe ko cin shinkafa ba sa yi. Hankaki ne suka gani. Kafin in dawo daga sallar azahar sai ɓawo na tarar, uwar tana ta zagaye wurin.

Dakta Rosnah ta ga shinkafar, ta ce daga rumfar Makcik Timah take. Wata tsohuwa ce mai sayar da abinci a wurin, a bayan rumfarta nake salla. An roƙi mai gari ya sa ta tashi har ƙarshen Yuli. Ina tsaye aka yanke haka, bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoro na ji kada a ce baƙuwa ta zo ta yi ɓarna. Kunya nake ji, ki faɗa mini abin yi.

'Yarki,
Saudatu

25 ga Mayu

Goggo,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya. Saƙonki ya iso ta bakin Hambali, faɗan ma bai rage ko kalma ba. Na lura ba ki tambayi tsuntsuwar ba, tsohuwar kawai kika tambaya.

Na sami Dakta Rosnah a ofis na faɗa mata komai. Ba ta kore ni ba, sai ta kira mai gari aka janye maganar. Amma na makara. Da muka je ranar Asabar, turakun rumfar kawai suka rage. Makcik ta kwashe kayanta ta koma garin 'yarta.

Jiya na kira 'yar, na karanta mata haƙurin da na rubuta da Malayancina mai ɗingishi. Ta ce za ta isar, amma uwar ba za ta yarda ba, don ta riga ta sa a ranta ita ta kashe ƙwan. Wai a sabon wurin, da zarar masu cin abinci sun tashi, sai ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo tana tsince shinkafa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Na karɓi kwatancen gidan, jibi zan je da kaina. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Taki,
Saudatu