A Raba Kujerata da ta Rabi'u

Isyaku Haruna Kibiya,
Ɗalibin Aji Uku,
Unguwar Gano, Tarauni, Kano.
13 ga Satumba, 1999.

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Kula da Jarrabawa,
Tsangayar Koyon Aikin Likita,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Ranka ya daɗe,

Game da: Halayen ɗalibi Rabi'u Bello a zauren jarrabawa

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai gabatar da kokena cikin ladabi, tun da yanzu soja sun koma bariki, an ce kowa yana da bakin magana.

Ni da Rabi'u garinmu ɗaya, ɗakinmu ɗaya a Unguwar Gano. Rana ɗaya muka yi rajista, yana bayana a layi, saboda haka lambarsa tana bin tawa. Da yake bisa lamba ake zama, tun daga aji ɗaya kafaɗarsa tana kusa da tawa. Kamar yadda ofishinka ya sani, an ba ni gargaɗi bara. Idan na sake faɗuwa bana, sallamata za a yi. Ga abin da nake fama da shi:

1. Ranar Litinin, 6 ga wata, ina kan karanta tambaya ta biyu, sai ya ɗaga hannu yana neman ƙarin takarda. Ba ya tsayawa ga ɗaga hannu kamar kowa, sai ya yi gyaran murya. Malami mai sa ido ya kawo masa, ya tsaya a kaina yana ɗaure masa ita da zare, yana murmushi. Ni kuwa shafina na farko ko rabi bai kai ba. Aka maimaita haka har na daina ɗago kai. Me yake rubutawa ne, fisabilillahi? Littafi ɗaya muka karanta!

2. Bironsa yana ƙara a kan tebur, ba ya tsayawa. Idan ya tsaya kuma, to yatsu zai lanƙwasa su yi ƙas-ƙas, ya yarfe hannu, wai ya gaji da rubutu.

3. Duk tambayar da ya gama sai ya yi hamdala a fili. Ban hana kowa gode wa Allah ba, amma ana iya yi a zuci.

4. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ranar Alhamis, 9 ga wata, ya miƙa takardarsa tun ana da sauran lokaci mai yawa. Bai tafi ba. Ya zagayo bakin tagar da ke gefena ya jingina, yana ɓare gyaɗa, yana jirana mu koma gida tare. Duk sanda na waiga sai ya ɗaga mini babban yatsa, da irin kallon da ake yi wa mara lafiya a gadon asibiti. Wallahi amsar tana kaina, na haddace ta. Ina ganin fuskarsa, sai amsar ta gudu.

Na san za a ce hassada ce. Ranka ya daɗe, ban musa ba, akwai ta, kuma tana cina. Ni na koya masa lissafi a sakandare. Yau a garinmu Uwar Likita ake kiran mahaifiyarsa, tawa kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu, tana ji. Ban taɓa ganin ya yi satar amsa ba, kuma na duba sosai. Amma dokar jarrabawa ta hana ɗauke hankalin wani, ba ta ce ban da mai ƙoƙari ba.

Saboda haka ina roƙon alfarma, kafin takarda ta ƙarshe ranar Alhamis, 16 ga wata, a mayar da ni can baya inda ba zan gan shi ba. Ban nemi a hukunta shi ba, kuma don Allah kada a nuna masa wannan takarda, domin a ransa taimakona yake yi. Idan ƙa'idar lamba ba za ta canzu ba, to a umarci mai gadi ya hana shi tsayawa a bakin taga. Ya yi tafiyarsa. Na san hanyar gida.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,
Isyaku Haruna Kibiya