Baƙin da Ba Ya Ƙyalli

Daga Arzika maƙerin fari, Ƙofar Marke, zuwa ga ƙanena Malam Na'Allah, magatakardan alƙali.

Gaisuwa, tunda ta zama dole. Junaidu mai rubutu na bakin kasuwa ke rubutawa, na ce kar shi gyara mani magana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na ga watan azumi da idona, na zo majalisar alƙali, anka ce ba a karɓar shaidar wanda bai yi karatu ba. Kana zaune, alƙalami a hannu, ba ka ce uffan ba. Tun ran nan ban taka zaurenka ba.

To, kukun wani Bature ya ba ni gilasai biyu na madubin hangen nesa da ya karye. Na yanka garwar kananzir, na naɗe, na sa gilashi ɗaya a kowane baki. Yana jawo nesa, amma cikin yana walƙiya, haske na yawo awa ruwa a kwano. Aiko mani da baƙin da zan shafe cikin. Kuma hwaɗa mani: ran nan, ka yarda na gani, ko ba ka yarda ba?

Ka huta lahiya.

*

Zuwa ga Yaya Arzika, bayan sallama da girmamawa.

Na yi murna da takardarka. Ga tawada, wadda nake rubuta hukunci da ita, na ƙara mata ƙaro don darajarka. Ga kuma man takalmin Turawa da aka ba ni kyauta. Abin da ya wuce, Allah ya yafe mana. A gaishe da Yaya Hajjo.

Ƙanenka, Na'Allah.

*

Na'Allah, gaisuwa.

Tir! Tawadarka da ta bushe ta fi garwar sheƙi. Man takalmin kuwa wari, sai da Hajjo ta kore ni daga ɗaki, ƙuda sunka bi ni har maƙera. Na tahi marina, sunka ba ni shuni mai ƙyalli. Baduku ya ba ni na fata, shi ma ƙyalli. Duk garin ga ba wanda ya san baƙi sai na ado! Na ce matacce nike so, marar ƙyalli, suna dubana awa na roƙi mushe.

Kunkunniyar madafar Hajjo na kankaro, na dama da tsamin nono, na ɗaura tsumma a kara na zura cikin garwar. Sau ukku. Na kwana biyu ina kakin baƙi. Yanzu in ka leƙa, awa rijiya. Ran Talata za a duba wata.

Tambayata ka tsallake ta.

*

Yaya, Allah shi ƙara girma.

An tsai da wata bisa shaidar mutum biyu masu karatu. Barka da shiga azumi.

Na'Allah.

*

Na'Allah.

Mutum biyun a bayana sunka tsaya. Cikin garwata sunka leƙa, ni na nuna masu wurin, bisa giginyar bakin ganuwa. Mun shigo majalisa tare, zoben baƙin garwar a idon kowannenmu, ka gan shi. Ka rubuta sunansu. Ni anka ce in wanke hannu kar in ɓata tabarma.

Ba suna nike so ba, na tsuhwa. Junaidu zai tsaya ƙoharka, na hana shi dawowa hannu wofi. I ko a'a, Na'Allah. Ka amsa mani.

Arzika.