Tiyon da Na Toshe a Motarka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ka koya mini in yi a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mama tana nan lafiya, ta fita takaba tun kafin bikin kammala karatuna. Na karɓi digirin injiniya da ka yi ta jira. Aiki dai har yanzu ina nema.

Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba. Mutane ne za su karanta ta, wasunsu ma suna wurin ranar da abin ya faru. To, su karanta. Amma da kai nake magana, kuma a kan motarka ne.

Ka tuna yadda ka bar ta. Tsohuwar motar nan mai silinda huɗu, wadda wata dattijuwa a unguwar Irving Park ta ba ka kyauta bayan ka daɗe kana yanke mata ciyawar gida. Kafiretarta ta mutu, irinta kuma ta yi wuyar samu. Sai wata Asabar ka shigo da kwalin ayaba, a ciki akwai kafiretocin babban babur guda huɗu a jere, kana ta murmushi. Ka ce mini, "Innata, kowane silinda zai samu kwanonsa. An daina cin tuwo a kwano ɗaya." Mama ta leƙa kwalin ta ce, "Wannan ma za ta bi sahun injin markaɗen da ka kwance."

Ka kai motar ƙauyen McLeansville, rumfar abokinka Alhaji Ilo, mutumin Maraɗi da ke kiwon raguna a bayan gidansa, ka rufe ta da tamfol. Abin da ya rage shi ne a ƙera mata manifol, wato bututun da ke ɗaukar iska da mai daga kafireta zuwa cikin inji, domin nata na asali ba zai karɓi na babur ba. Ka ce in na gama makaranta za mu yi tare. Ciwon da ya ɗauke ka bai jira mu ba.

Da Babbar Sallah ta matso, Alhaji ya zo gida da kansa. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Akwai ƙarin raguna a hanya, yana bukatar rumfarsa. In motar ba za ta iya fita da ƙafafunta ba, ya san masu sayen tsofaffin ƙarafa da za su zo su ja ta. Mama ta sunkuyar da kai. Ni ce na ce zan tayar da ita. Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Bon! Anjeniyar ta yi magana."

Baba, bari in gaya maka yadda na yi aikin, domin kai kaɗai ne ba za ka gaji da jin wannan ba.

Na ɗora gaskit, wato takardar da ke shiga tsakanin manifol da inji, a kan farantin alminiyam mai kaurin milimita goma, na zana bakunan huɗu da ramukan noti, na yanka. Kafiretocin babur sun fi bakunan injin matsuwa da juna, don haka bututun biyu na tsakiya suka tafi kusan a miƙe, na gefe biyu kuwa sai da na karkato da su ciki. Na yi ƙoƙari tsawonsu ya zo ɗaya, don kada wani silinda ya ƙoshi wani ya kwana da yunwa. Na kuma auna kwanciyarsu yadda kwanukan mai da ke ƙarƙashin kafiretocin za su zauna daidai, ba a karkace ba. Farantin farko ya lanƙwashe saboda zafin walda, na jefar. Na biyu sai da na ɗaure shi da noti a kan ƙarfe mai kauri, na riƙa yin waldar kaɗan-kaɗan ina barinsa ya huce. Famfon man motar ya fi ƙarfin kafiretar babur, na sa masa abin rage matsi. Ban bar komai ga ƙiyasi ba. Haka na ɗauka.

Abin da na fi tsoro shi ne ɓarauniyar iska, wadda ke shiga inji ta wata kafa ba ta cikin kafireta ba, ta lalata haɗin mai. Ka san halina in na ji tsoron abu. Da na cire tsohon manifol, sai tiyo da yawa suka rage suna reto, yawancinsu ƙanana da sabon tsarin ba ya bukata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe. A cikinsu akwai wani mai kauri. Shi ma na cusa masa noti a baki, na matse da kilif, har na ɗaure shi a gefe don wurin ya yi kyan gani.

Wannan tiyon, Baba, shi ne ke zuwa baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki, wadda makanikai ke kira busta. Zuƙar iskar da inji ke yi ita ce ke bi ta cikinsa ta taimaka wa ƙafar direba. In babu ita, birki yana nan, amma sai ƙato ya taka shi da dukan ƙarfinsa. Ba abin da ban sani ba ne. Na amsa tambaya a kansa a jarrabawa, na kuma ci.

Na canza man birki, na taka fedar birkin alhali injin yana kashe, na ji ta da tauri, na ce madalla. Injin kuma ya tashi, da wata murya mai zurfi da ban taɓa ji a motar ba. Na yi ta kunna shi ina daidaita kafiretocin, amma ban taɓa motsa motar daga inda ka bar ta ba. Da gangan na ƙi. So nake juyin farko da tayoyinta za su yi ya zama Mama tana zaune a gaba.

Ranar fitar da motar kuwa Mama ta yi waina ta sadaka. Ta sa leshin nan ruwan toka da ka sayo mata, karo na farko tun rasuwarka. Abokanka sun zo, matansu sun zo, aka yi maka addu'a a tsaye a bakin rumfa. Na buɗe wa Mama ƙofa, na ɗaura mata bel da hannuna, tana cewa, "A tsakar gida ma sai an ɗaure ni?" Kular waina tana kan cinyarta.

Ka san gangaren nan na tsakuwa daga rumfa zuwa garken raguna. Na saki kuloci, motar ta zabura fiye da yadda na zata, don kafiretar babur ba ta son a taɓa ta da wasa. Na taka birki. Kamar dutse na taka. Na miƙe a kan fedar da duk nauyina, wanda ka san ba shi da yawa, motar ta rage gudu amma ba ta tsaya ba. Kafin hannuna ya kai ga birkin hannu, mun shiga katakon garken. Waina ta watse a gilashi. Mama ta ce, "Innalillahi," sau ɗaya, a hankali.

Ragunan suka bi ta ɓarakar suka fantsama gonar maƙwabci. Na ga dattawa sun tattare manyan riguna suna bin su, maƙwabcin kuma yana zaune a kan injin yankan ciyawarsa yana kallo.

Allah ya tsare, bel ɗin ne kawai ya murje wa Mama kafaɗa. Da aka gama kamo ragunan, mazan suka kewaye motar suna haki. Alhaji ya daki tayar da ƙafa ya ce, "Fren ɗin, birkin nan, ya ruɓe, wala. Allah ya jiƙan Isiyaku, mutumin kirki ne, amma duk abin da ya taɓa sai an kira mai gyara." Aka yi dariya. Wani ya tuno da rediyon masallaci da ka taɓa kwancewa, aka ƙara dariya. Hajiya Zali, matar Alhaji, ta rungume ni tana cewa, "Kar ki damu, ɗiyata, aikinki ya yi kyau. Me za ki yi da motar da aka bar miki a mace?"

A lokacin na ɗaga murfin injin, wai in duba ko wani abu ya fashe. Idona ya sauka a kan tiyon, a ɗaure a gefe, da notin a bakinsa, tsaf-tsaf. Nan take na gane. Na mayar da murfin na rufe.

Ban ce komai ba, Baba. Ina tsaye ana yi maka dariya, ana rarrashina, na yi shiru. Alhaji ya ce zai kira masu ƙarafa, na gyaɗa kai. Wannan shirun ya fi karon da na yi ciwo.

Da muka koma gida, Mama ta zauna a kicin tana shafa man zafi a kafaɗa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mata ba birkinka ba ne, ni ce. Na yi mata bayanin tiyon, ban sani ba ko ta fahimta. Ta gama shafa man, sannan ta ce, "Wanda aka yi wa dariya ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Ke kuwa kina da ƙafa."

Washegari na tafi McLeansville. Na iske Alhaji da wasu daga cikin mutanen jiya suna gyara garken. Na durƙusa na gaishe su, sannan na roƙe su su zo wurin motar. Na buɗe murfin, na nuna musu tiyon, na faɗi aikinsa, na faɗi abin da na yi masa. Ban rage ko kalma ba. Alhaji ya ce, "Ke kika toshe shi? Da hannunki?" Na ce da hannuna. Ya kama notin ya ja, ya murɗa, ya sake ja, ya ƙi fita. Ya ce, "Kai! Wallahi kuwa ya toshu. Wannan aikin mai digiri ne." Aka bushe da dariya, wannan karon a kaina, inda ya kamata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai dariyar Alhaji ta tsaya. Ya cire hula ya shafa kai, ya ce, "Astagfirullah. Ashe jiya naman abokina na ci." Ya ɗaga hannu aka yi maka Fatiha. Bayan nan ya ce ba zai kira masu ƙarafa ba sai motar raguna ta iso, amma kafin in taɓa sifana sai na riƙe masa katakon da na karya ya buga ƙusa. Na riƙe.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba, shi ya sa ma abin ya fi ba ni kunya. Na cire manifol ɗin, na huda kowane bututu, na sa musu ƙananan bakuna, na haɗa su huɗun a siririn bututu ɗaya, daga nan zuwa busta, da bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Na wanke ɓurɓushin ƙarfe, na mayar, na sake daidaita kafiretocin. Sannan na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko: na ɗora ƙafa a kan birki, na murɗa makulli. Da injin ya tashi, fedar ta nutse kaɗan a ƙarƙashin ƙafata. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka.

Na yi ta kai da kawowa a filin ni kaɗai, in tafi in tsaya, in tafi in tsaya, har Hajiya Zali ta leƙo ta taga ta ce na sa wa ragunanta jiri.

Ranar da zan kawo ta gida, bayan na gama da takardunta, ban roƙi Mama ta shiga ba. Da wane baki? Na shirya da Hajiya cewa za ta ɗauko Mama ta biyo ni a baya. Amma ina zaune ina ɗumama inji, sai ƙofar gefe ta buɗe. Mama ta shigo, ta tattara mayafinta, ta jawo bel ta ɗaura da kanta a kan kafaɗar da ba ta gama warkewa ba. Na ce, "Mama, ko za ki bi Hajiya?" Ta ce, "Wa zai zauna a nan in ba ni ba? Ja mu je."

Na sauko gangaren kamar mai ɗauke da ƙwai. A titin Gate City Boulevard, duk fitilar da na hango na fara taka birki tun daga nesa, motocin baya suna ta yi mini oda. Mama ba ta ce in yi sauri ba. A wata fitila, muna tsaye, kafiretocin nan huɗu suna ta zuƙar iska gurr, gurr, sai ta karkata kai tana saurare. Ta ce, "Ji yadda take minshari. Kamar mai ita." Ta yi dariya, sannan ta juya wajen taga ta rufe fuska da mayafi, ba ta juyo ba har muka iso.

Motar tana ƙasan benenmu yanzu, a gurbin da kake ajiye ta. Da na shigo da ita na taka birki, ta tsaya daidai kan layi. Tunaninka na kwano huɗu ya yi aiki, Baba. Babu abin da ya ruɓe a cikin abin da ka bari. Ka yafe mini ranar nan da na bari aka ɗora maka laifina.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya karɓi sadakar Mama, har da wainar da ta zube. Allah ya saka wa Alhaji Ilo da iyalinsa da alheri. Ya kuma haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ce 'yarka Safiya,
wadda kake kira Innata.