Kawu Ya Kashe Inji

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon ƙafar, da sauƙi? Ni da Kawu muna lafiya, aikin gidan burodi sai godiya.

Na dawo daga kwas ɗin da maigidanmu ya tura ni. Babban abin da aka koya mana shi ne kada mutum ya sa hannu ya kankare ƙullu a injin kwaɓi sai ya kashe shi. Sun nuna mana hotunan yatsun da inji ya ci, ranar ko abinci na kasa ci. Maigida ya ce in koya wa sauran ma'aikata. Ina bayani suna dariya, wai an je kwas an dawo da iyayi. Kawu ne kaɗai ya saurara, alhali shi ya koya mini aikin nan.

Ɗanki,
Auta

Inna,

Bayan gaisuwa, ina fata kin samu maganin da na aiko.

Ba wanda ya canza sai Kawu. Yakan kashe injin, ya jira ya tsaya, ya kankare, sannan ya kunna. Injin kuwa ya tsufa, kafin ya tashi sai an yi ta lallashi, sauran sun yi nisa. Maigida ya rataye satifiket ɗina a ofis, amma da yamma yawan burodin da kowa ya fitar yake dubawa. Na roƙi Kawu ya bi a hankali. Ya ce shi ba tsoron inji yake ji ba, ba ya so ne a ce ko kawuna bai ji maganata ba.

Naki,
Auta

Inna,

Ina gaisuwa, amma zuciyata ba daɗi.

An sallami Kawu. Maigida ya ce tsufa ya kama shi, hannunsa ya yi nauyi. Na je na yi masa bayani, ya ce kwas abu ne mai kyau, amma masu saye ba sa jira. Wanda aka ɗauka a madadinsa hannu yake zurawa inji na gudu, ina tsaye ina kallo.

Na so in ajiye aikin, Kawu ya hana, ya ce idan na ajiye, wa zai riƙe ki. Na yi kuka, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

Gobe zai hau mota ya taho gida. Zai ce miki shi ya gaji ya bari. Don Allah ki yi kamar kin yarda.

Ki gaida kowa.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Auta