Taku Ashirin da Uku

Montreal, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Odile mai daraja,

Bayan gaisuwa irin ta wanda kunya ta sunkuyar wa da kai, ina fata kina lafiya.

Shekara shida rabonmu da magana, tun ranar da na ce aikinki na motsa gaɓoɓi azaba ne, nawa na tausa da daidaita ƙashi kuwa rahama. Yau ga rahamata tana neman gurgunta yayata.

An yi wa Yaya Ghislaine tiyatar sauya gwiwa a watan Disamba. Masu irin sana'arki suka fara lanƙwasa mata ƙafar, ta dawo tana hawaye. Na ce, "Yaya, rabu da su, hannuna ya ishe ki." Mako bakwai ina tausa, zafi ya kwanta, ashe gwiwa sandarewa take yi. Yanzu digiri sittin kaɗai take lanƙwasuwa.

Kin san murɗaɗɗiyar matakalar gidanta na haya, taku ashirin da uku. Yanzu tana zaune wajena, a hawa na ƙasa. Ɗanta Gaétan ya rantse in ba ta hau ba kafin ƙarshen Maris, zai sanar da mai gida za ta tashi, bayan shekara arba'in.

Hannun da ya share hawaye,
Shi ne ya ɗaure mai kukan.

Ki taimake ta, ba don halina ba.

Mai neman afuwa,
Réjean

7 ga Fabrairu

Réjean sarkin baiti,

Ina amsawa. Jiya Gaétan ya kawo min yayarka. Na ce, "Wa ya hana ki zuwa motsa ƙafa?" Ta ce, "Lalacina ne, 'yar nan. Ƙanena har faɗa yake min." Haka ta gaya wa ɗanta ma. Ka ji wadda ka cuta.

Ba don Allah ya sa ka rubuto ba, da an makara. Sai dai da na matso, cinyarta takan ɗaure tamau don tsoro, kuma ban taɓa musun hannunka na iya kwance wannan ba. Ka zo kullum ƙarfe tara, ka yi tausarka rabin awa, sannan in lanƙwasa. Za ta yi ihu. Ka kuskura ka ce "ya isa", ga ƙofa nan.

Ka bar waƙa a gida.

Odile

12 ga Maris

Odile mai alheri,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Abin da bakina ya kasa a gabanki, alƙalami zai ɗauka. Da ta ƙwalla ƙara yau ta ce, "Réjean, kana tsaye kana kallo?" sai da na ciji harshena har na ji gishirin jini. Digiri tamanin da huɗu, kika ce, sai ta ɗura miki zagi tana dariya.

Na gaya wa Gaétan gaskiya. Ya ce, "Kawu, da bakinka?" ya ajiye waya. Bai janye wa'adinsa ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Naki cikin nadama,
Réjean

29 ga Maris

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Daga sama nake rubuto maka. Na huta sau huɗu a hanya, Gaétan yana bayana yana salati irin nasa. Odile ta ce saura aiki, gobe ƙarfe tara, amma yanzu kai za ka hawo.

Ka taho min da magena. Ƙaryar da na yi dominka kuwa, da ka bar min abata.

Yayarka,
Ghislaine