Shekara Bakwai da Ka Ƙara wa 'Yarmu

Ya sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, raɓar da ke sauka a kan zuciyata, Abban Auta,

Na saka wannan takarda a aljihun rigarka ta aiki domin idan na dubi fuskarka, harshena sarƙewa yake yi. Kwana uku ke nan ina zuba maka abinci ina murmushi, alhali cikina yana ci da wuta!

Ka tuna ranar da aka haifi Auta? Kana tsaye a barandar asibiti, rigarka a baibai, ka ari biro wurin ma'aikaciyar jinya ka rubuta kwanan watan a tafin hannunka don kada ka manta. Na hango ka ta ƙofa, na ce a raina wannan mutum ba zai taɓa wasa da yarinyar nan ba. Da wannan hannun ne, masoyina, ka ƙara mata shekara bakwai?

A bakin gadonmu muka yanke magana: ba za ta buɗe shafi a dandalin sada zumunta ba sai ta kai shekarun da aka ƙayyade. Kai ka fara faɗa, ni na amsa. Daga nan na zama muguwar uwa. Ta yi mini kuka, ta kwana biyu tana kumbura fuska, na daure domin na ɗauka kana bayana kamar dutse. Ashe kun gama magana a shagonka, tsakanin keken ɗinki da tulin yadi! Ka buɗe mata shafin, ka mai da 'yar shekara goma sha ɗaya 'yar sha takwas, ka ce mata kada Umma ta ji.

Ran Talata na same ta a bayan ƙofar banɗaki, ta rungume waya. Wani ƙato sa'anka ya yi wata biyu yana kiran ta budurwarsa, yanzu hotuna yake nema, yana cewa ya san makarantarsu. Ta kasa gaya mini saboda alkawarin da ta yi maka. Ta kasa gaya maka don kada ranka ya ɓaci. Wata biyu 'yarmu tana ɗauke da wannan ita kaɗai!

Na san ba mugunta ba ce, hawayenta ne ba ka iya gani. To nawa fa, hasken ɗakina? Yaushe na zama wadda ake rufe wa ƙofa a cikin gidana?

Na toshe mutumin, na sanar da shugabar makaranta, ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta. Abu ɗaya ya rage, kuma naka ne. Yau idan ka dawo, ka zauna a gabanta ka gaya mata laifin naka ne, ba nata ba. Har yanzu tambayata take ko Abba zai yi fushi da ita.

Son da nake maka kogi ne, bai ƙafe ba, ba zai ƙafe ba. Sai dai ka dagula ruwan, kuma ban san ranar da zai kwanta ba.

Taka har numfashina na ƙarshe, ko da zuciyar tana zubar da jini,
Umman Auta