Sunanka Zan Sa Masa

Zuwa ga Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, ina sanar da kai cewa matata Asabe ta sauka lafiya, an samu namiji. Gobe suna, amma gidanmu na garin Wara ya rabu biyu a kanka.

Na ce Haruna za a raɗa masa. Kawu Manu ya buga sandarsa ƙasa, ya ce, "Ba a maida sunan wanda ruwa ya ci. Ruwan biyo yaron ga za shi yi."

Wai ruwa ya ci ka! Kai da ka koya mini iyo a tafkin nan, kana dungure mini kai in na sha ruwa.

Ka tuna muna jan taru, jirgin sama ya gifta, ka saki igiya ka hangame baki? Baba ya ce, "Wanga yaro, kifi na ƙasa, idonai na bisa." Da ka shiga sojan ruwa mun ɗauka ka dawo hanya, ashe jirgin yaƙin sama za su ba ka.

In ka zo hutu, kaki kake tuɓewa ka faɗa kwalekwale, ka koma bariki kana ƙarnin kifi.

Abokin aikinka da ya kawo kayanka ya ce 'yan bindiga sun ritsa da su a bakin teku, kai ka yi ta shawagi a kansu kana ba su kariya har suka fita. Sannan aka harbo jirginka. Wuta ce ta same ka a bakin aiki, Yaya, teku karɓar ka kawai ta yi. Rashin gawa ne ya ba wa su Kawu bakin magana.

Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba saboda kunyar ɗan fari. Yanzu kowa ya koma kamar ita, sai dai nasu tsoro ne. Wannan ya fi mutuwarka ci mini rai.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma in na dubi yaron nakan tuna maganar Kawu. Amma ajali na Allah ne, ba na tafki ba. Abin da Kawu bai sani ba, tun ranar haihuwa na yi masa huɗuba da sunanka a kunne. Gobe liman sanar da jama'a kawai zai yi, wanda ya ga dama ya tashi ya bar tabarma.

Allah ya karɓi shahadarka, ya haskaka makwancinka duk inda yake, ya raya mana takwaranka.

Ƙanenka,
Baban Haruna